Takardata a Ƙarƙashin Ƙosai

Ina ajin ƙarshe na firamare a Garwa aka kafe sunayen masu zana jarrabawar shiga makarantar kwana. Na duba sau uku, babu nawa, kuma an rufe karɓar takardu. Alhali Baba da kansa ya kulle shagonsa na atamfa, ya kai ni aka ɗauke ni hoto, ya miƙa wa malaminmu na Turanci takardar neman shiga hannu da hannu.

Bayan azahar malamin ya shigo aji, na ɗaga hannu.

"Malam, babu sunana."

Ya jawo aljihun teburinsa. Ga takardata ƙarƙashin ƙunshin ƙosai, mai ya ratsa ta har ya ɓata mini fuska a hoton. Ya kalle ta, ya ce, "I was going to send it." Sai fuskarsa ta washe, ya ɗauki alli ya rubuta jimlar a allo.

"Ga misali mai kyau. Haka Bature ke faɗin abin da ya yi niyya bai yi ba. Ku maimaita."

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka, har sau biyar. Da ya ga bakina a rufe, ya sa na miƙe na faɗa ni kaɗai.

Ya ce, "Madalla, kin iya."

Yau na wuce shekarunsa na wancan lokacin. Turancin da ya koya mana duk ya zube, sai wannan jimlar. Haƙuri kuwa bai ba ni ba, da kowane harshe.