Kotun Tsakar Gida

"Baffa, yaushe ka fita daga ɗakin Baba a ranar?"

Inna ta daina ninke kaya, ta kasa kunne. Autanta ya ce wai gwaji ne, shekarar ƙarshe ta karatun lauya duk tambayar shaidu ce, gara bakinsa ya saba tun a gida. Amma wane irin gwaji ne kullum sai a kan ranar da mijinta ya rasu? Ta gane farauta yaron yake yi, kuma ta ji daɗi. Dama zuciyarta ba ta taɓa kwanciya da ƙanin mijin nan ba, mutumin da ya karɓe makullin shago tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

"Da yamma," in ji Baffa yana share gumi. "Na bar shi da uwarka."

"Inna, saura ke."

Ta zauna cikin zumuɗi. "Tambayi abin da kake so, ranka ya daɗe. Maganin zuciyarsa ma da hannuna na ba shi."

"Ƙwaya ɗaya, yadda likita ya ce?"

"Ɗaya me za ta yi, mutum yana murƙususu? Biyar na haɗa masa, nan take ya samu barci."

Auta ya rufe littafin da yake rubutu a ciki.

"An rufe shari'a," ya ce a hankali. "Ajali ne."

Inna ta tafa hannu tana harar Baffa. "Wane irin lauya ne zai saki mai laifi yana kallonsa?"

"Irin mai uwa, Inna."