Waƙar da Azumi Ba Ta Manta Ba

Zaren kaset ɗin ya sake tsinkewa. Maude ya liƙa shi da jan farce, ya naɗe da biro, amma wannan karon ya ƙi yi.

Tun da ciwon mantuwa ya kama matarsa Azumi, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Tsohuwar waƙar Indiya da ke cikin kaset ɗin kaɗai ke dawo da ita hayyacinta. Da sarewar ta tashi sai ta yi murmushi, ta karɓi abinci. Amininsa marigayi Murtala ne ya ba su kaset ɗin tun suna Zariya.

Maude ya karaɗe kasuwar Karu yana neman wani kaset ɗin. "Baba, wa ke sayar da kaset a Abuja yanzu? Sai faifan sidi. Wane fim ne?" in ji wani mai shago. Bai sani ba.

Kwana biyu ba ta ci komai ba. Ya zauna a bakin gadonta, ya fara rera waƙar da kansa, ko kalma ɗaya bai san ma'anarta ba.

Ta buɗe ido, ta kama hannunsa.

"Rage murya, Murtala," ta ce. "Kada maigidana ya ji."

Maude ya rage murya. Ya ci gaba da rerawa, yana miƙa mata cokali.