Hoton Malam Hammajoda

Saura kwana uku a karɓi mulkin kai, A'i ta ɗauko ƙuli-ƙulinta za ta kasuwa, sai ta ga hoton manne a ƙofar wani tela a unguwar Gwallaga. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa, cikin babbar riga, ya ɗaga haɓa yana kallon nesa. Ba ta yi boko ba, don haka ta tambayi telan abin da aka rubuta a ƙasa.

"Malam Hammajoda, Uban Matasa," in ji telan. "Ranar Asabar 'yan makaranta za su zaga gari da shi."

Kwanon ya kuɓuce mata. Ba ta tsaya tsince ko ɗaya ba.

Malam Hammajoda mijinta ne. Shekara goma sha takwas baya, lokacin babban yaƙi, yana koya wa manoma karatu a gindin wata tsamiya a ƙauyen Inkil. A lokacin ana kwasar samari aikin dole zuwa haƙar kuza. Malam ya rubuta wasiƙa ba tare da sa hannu ba, ya jera sunayen waɗanda aka kwashe ba su dawo ba, ya tambayi dalili. Wani ya kai sunansa ga hukuma. Aka kama shi, bayan wata huɗu aka kawo wa A'i rigarsa a naɗe, aka ce ya rasu.

Amma wasiƙar ba ta mutu ba. Ta riƙa yawo hannu zuwa hannu har samarin da ba su taɓa ganin Malam ba suka haddace ta.

A'i ta nufi ofishin ƙungiyar matasa. Ta daɗe zaune a baranda kafin sakataren, wani malamin makaranta mai suna Babayo, ya ji ko wace ce. Da gudu ya fito ya durƙusa.

"Inna! Da ma muna ta nemanki. Mun ware miki kujera a sahun gaba."

"Ba kujera na zo nema ba, ɗana. Ku sauke hoton nan."

"Na san ya fama miki ciwo, Inna."

Ta matso kusa, ta rage murya, ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Babayo ya dubi tarin hotunan da ke kan teburi, ya dubi idanunta masu ruwa, sannan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa marar lafiya.

"Shekaru sun ja, Inna, kuma baƙin ciki yana taɓa mutum. An riga an raba wa makarantu. Yaran nan wata guda suna shiri. Ki je ki huta."

Washegari ta nemi shagon Elias mai hoto, wanda ya wanke hotunan. Ya ba ta benci da ruwan sha.

"Mama, ni ban san Malam ba, ina ƙauyenmu lokacin. A akwatin maigidana marigayi na samu, da sunan Malam a baya. Gyarawa kawai na yi. Na yanke gefen da ba a buƙata, na ƙara masa girma."

"Ina gefen da ka yanke?"

Ya duba ƙarƙashin teburi, ya zazzage kwali biyu, ya leƙa bayan shago inda ake ƙona shara. Ya dawo yana kaɗe toka daga hannunsa.

"Ki yi haƙuri, Mama."

Mutum ɗaya ya rage wanda ya san fuskar Malam. Cikin ɗaliban tsamiyar nan, kuza ta cinye da yawa, sauran sun watse. Ɗanlarai ne kaɗai take da labarinsa. Ranar Juma'a ta taka har Inkil da hoton a ƙunshe cikin mayafi. Ta same shi a ƙofar gida yana shan hantsi. Ya gane muryarta tun daga sallama. Ta miƙa masa takardar, ya karɓa ya shafa ta da tafin hannu, sama da ƙasa. Sai a lokacin ta lura da farin da ya rufe idanunsa.

"Malam ne?" ya tambaya. "Alhamdu lillahi. Ashe ba a manta da shi ba."

Ta karɓi takardar ta juyo.

Ranar Asabar ta kulle kanta a ɗaki, amma Babayo ya aiko mata biyu suka rarrashe ta, suka riƙo hannunta har filin biki. Tutoci kore da fari ko'ina. 'Yan makaranta suka shigo sahu-sahu, kowane sahu da hoton a kan sanda, suna rera kalmomin wasiƙar ba tuntuɓe ko ɗaya. Kalmomin Malam ne, yadda ya karanta mata su a tsakar gida kafin ya naɗe takardar.

Sahun farko ya tsaya a gabanta. Suka sauko da hoton daidai fuskarta.

"Ga matarsa nan!" Babayo ya sanar. "Inna za ta yi masa addu'a."

Ɗaruruwan yara suka ɗaga tafukansu suna jira, wasu har da hawaye. A'i ta ɗaga hannuwanta, ta runtse ido, ta yi wa mijinta addu'a, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, suna kallon hoton.

Ita ba ta sake kallonsa ba. Malam gajere ne siriri, shi ne ke tsaye a gefen da aka yanke. Fuskar da yaran Bauchi suka ɗaga sama ranar mulkin kai ta Sabitu ce, aminin Malam, wanda ya kai sunansa ga hukuma.