Gwanin Diraf

"Wane gurbi kake nema?" Ba'amurken ya tambaye ni, yana kallon kwat ɗina da jakar da na rungume.

Shekarar 1975 ce. Gwamnati ta turo ni kwas Landan, lokacin da man fetur ya sa kowane akawu jin kansa wani ne. A jarida na ga wata ƙungiyar wasa daga Amurka tana neman mutane kafin diraf. Ni kuwa a ƙofar gidanmu a Zariya ba a taɓa cinye ni a wasan diraf na allo ba. Na watsar da jarrabawa, na rubuta wa maiɗakina ta fara koyon Turanci, na taho filin nan na Woolwich.

"Muna buƙatar mai gudu," ya ce, "da ƙattai biyu masu tare hanya, da mai buga ƙwallon. Namu ya tsufa." Ƙwallon nasu kuwa kamar gwanda yake.

"Ni ko baƙi ko fari, duk wanda ka ba ni," na ce.

Sai ya bayyana mini a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya, cewa diraf a wurinsu ranar zaɓen sababbin 'yan ƙwallo ce.

Jakar ta suɓuce mini, allon diraf ɗina ya faɗo daga ciki, 'ya'yan suka watse a ciyawa. Wani ƙato cikin 'yan ƙwallon ya durƙusa ya tsince su, ya jera, ya ce in zauna.

Na zauna in fanshe mutuncina. Sau uku ya cinye ni, ko hular kwanonsa bai cire ba.