Ranar da Gara Ta Janye Maganarta

Kujerar ta yi mata tsawo, ƙafafunta na reto, amma ba ta tsaya gyara ta ba. Ta ture tabaran karatun da ke kan tebur gefe guda, ta jawo kwamfutar, ta ci gaba da bugawa. Rana ta take, amma labulayen ɗakin duk a sauke suke.

Shafin Gara ne a buɗe a gabanta. Duk mai bibiyar littattafai a intanet ya san shi. Masu karatu ne suka laƙaba wa mai shafin wannan suna, wai yadda take cin littafi ko bango ba ta bari. Sun san halinta kamar yunwar cikinsu: ƙarshen labari take fara leƙawa, ba ta lanƙwasa takarda, da fensir take ja wa jimla layi, kuma ba ta karanta littafi sau biyu, ta ce rai gajere ne, littattafai kuwa ba sa ƙarewa. A saman shafin ga aƙidarta da manyan baƙaƙe: mai shafi ba maroƙi ba ne, ranar da ya fara yabo don tsoro gara ya rufe shago.

A watan jiya Gara ta yi wa wani sabon littafi kaca-kaca. Ta ce labarin rijiya ce mai faɗin baki, ka zura guga ka ji ƙasa. Mutane suka yi ta dariya suna yaɗawa, har masu shaguna suka fara mayar da kwafin da suka karɓa. Marubuciyar littafin ta fara da roƙo, ta koma zagi, daga ƙarshe ta bar saƙo ɗaya a ƙasan rubutun inda kowa zai gani: "Na san gidanki."

Yau da safe wata gajeriyar sanarwa ta fito a shafin, cewa Gara ta sake karanta littafin, ta gane ta zalunce shi, cikakken bayani na tafe. Bayanin ne matar ke bugawa yanzu. Littafin na kan cinyarta a rufe. Jimlolin da take kawowa misali da ka suke zuwa mata, har da waƙafinsu.

Tsokacin masu karatu ya yi ta shigowa a ƙasan sanarwar.

"Gara, lafiya kuwa? Ke da ba kya maimaita littafi?"

"Wannan ba muryarki ba ce."

"Idan an tsare ki ne ki sa mana ɗigo kawai, za mu gane."

Ta goge na ƙarshen. Wani ya sake rubuta irinsa.

Wayar da ke kan tebur ta ɗauki ƙara, fuskarta ta nuna "Umma". Ta zuba mata ido har ta katse. Ta ɗauka za ta tura saƙo, ta tarar wayar ta kulle kanta, sai da zanen yatsa take buɗewa. Ta ja tsaki, ta shiga ɗakin ciki da ita, ta fito da ita a buɗe. Ta rubuta: "Lafiyata ƙalau, Umma, mura ce ta dishe mini murya." Sannan ta je famfo ta daɗe tana wanke hannu.

Tana cikin sakin layi na ƙarshe aka ƙwanƙwasa ƙofar waje.

"Auta! Auta, ni ne, yayanki. Buɗe."

Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar. Ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba.

"Umma ta hana ni zama, ta ce tun da ta haife ki ba ki taɓa ƙin ɗaga kiranta ba. In matar nan ce ta sake yi miki barazana, ki fito mu je wurin 'yan sanda. Ai na gaya miki, bakin nan naki wata rana sai ya ja mana."

Sai wayar ta sake ɗaukar ƙara a kan tebur, ta cika ɗakin. Ta danne ta da tafin hannu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ga wayarki nan ina ji! Auta!"

Aka buɗe wata ƙofa a baranda, muryar tsohuwar maƙwabciya ta fito. "Ɗan nan, ni ma hankalina bai kwanta ba. Kullum da hantsi tana zama a bakin taga da littafinta, mu gaisa, ta tsokane ni. Yau ko labule bai motsa ba. Jiya dai na ga ta yi baƙuwa, har na ji kamar an ture wani abu mai nauyi."

"Baƙuwar ta tafi?"

"To, ni dai idona ba shi da kyau."

"Tsaya nan, Iya, kada ki gusa. Bari in kira kafinta a ɓalle ƙofar."

Takunsa ya sauka a matattakala da gudu.

Matar ta koma kan rubutun. Ba ta yi gaggawa ba. Ta karanta shi daga farko, ta gyara kalma ɗaya, ta ƙara cewa wannan littafi zai daɗe bayan masu sukarsa sun zama ƙasa. Ta danna, ya fita duniya.

Ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, ta tura ƙofar ɗakin ciki da ƙafa. Ta tsallake littattafan da suka zube daga kantar ɗakin, ta durƙusa kusa da wadda ke kwance a ƙasa tun jiya, ta juya hasken allon ga idanunta da ba sa ƙiftawa.

"Kin gani, Gara?" ta ce a hankali. "Da tun farko haka kika rubuta a kan littafina, da yanzu kin tashi kin buɗe wa yayanki ƙofa."