Ƙafafun da Dattijo Yake Tsallakewa

A wani ƙauye na gindin dutse akwai ikkilisiyar da ba a cin Jibin Ubangiji sai an wanke wa juna ƙafafu. Maza su jeru gefe guda, mata gefe guda, a kawo ruwa a kwano da tawul, kowa ya durƙusa ya wanke wa na kusa da shi. Cikin dattawan ikkilisiyar akwai wani manomi da ya yi suna a wannan hidima. Ba ya ƙyamar faso, ba ya ƙyamar kaushi. Ya wanke ƙafar makaho, ya wanke ta baƙo, yana yi yana satar kallon jama'a ko an lura. Ƙafafun mutum ɗaya kawai yake tsallakewa, na ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Asalin abin iyakar gona ce. Bayan rasuwar mahaifinsu ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙanen ya ci masa iyaka. Maganar dattijo ce, aka gaskata, aka sa ƙanen a horo, ya koma bencin baya yana kallo ana miƙa gurasa ana wuce shi. Da damina ta zagayo, ruwa ya zaizaye ƙasa, sai ga dutsen da mahaifinsu ya binne don shaida, daidai inda ƙanen ya ce yake. Dattijo ya gani da idonsa. Ya janye daga wurin shiru, da kaka kuma ya aika wa ƙanen da damin dawa. Aka dawo masa da daminsa da saƙo: "Ku ce wa Yaya ba hatsi na rasa ba. A gaban mutane aka kira ni ɓarawo."

Dattijo ya san abin da ake jira daga gare shi, bai kuma fi ƙarfinsa ba: gwiwa a ƙasa ranar Jibi, da kalma ɗaya a gaban waɗanda suka ji ta farko. Amma yakan ce a ransa, yaron da na goya a bayana? In na durƙusa masa, wa zai sake jin maganata a majami'a? Don haka duk ranar Jibi sai ya lura da inda ƙanen ya zauna, ya sa mutum a tsakaninsu. Ƙanen, bayan an cire shi daga horo, yakan tuɓe takalmansa ya jira. Daga baya ya daina tuɓewa. Daga baya ya daina zuwa. Wata kaka maciji ya sare shi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A al'adarsu kuwa babban wa ne ke wanke gawa. Nan dattijo ya durƙusa da kwano da tawul, ya ɗaga ƙafafun nan, ga faso irin na mahaifinsu, ga tabon fartanya tun suna yara. Ya ce, "Ƙanena, dutsen yana inda ka ce." Ƙafafun sun yi sanyi, babu bakin da zai ce masa tashi, komai ya wuce. Da ya fito sai ya ji mata suna cewa, "Kai, dattijon nan akwai tawali'u, dubi gwiwarsa duk ƙasa." Yabon nan ne ya fi komai cin ransa, kuma da shi ya tsufa.

Durƙusawar da ake tafa wa ba ta da wuya. Wadda Ubangiji yake nema ita ce ta gaban wanda ka ɓata wa, tun yana da bakin yafewa. Gaskiyar Hausawa da suka ce girman kai rawanin tsiya ne.