Garin da Aka Hana Fitila

Tun da aka kafa babban madubin duba taurari a kan dutsen Gwarando aka hana kunna fitila a garin. Tanimu ne ya bi gida-gida yana lallashin mutane: ranar da madubin ya gano wani farin tauraro mai bugawa kamar zuciya, za a raɗa masa sunan garinsu, a maido da wuta. Yaran da aka haifa daga baya, ko ashana aka ƙyasta sai su fashe da kuka.

Wata rana da hantsi Tanimu ya hau dutsen kai wa ƙanensa Ilu, da ke aiki a wurin madubin, fura. Ya tarar da allon na'ura cike da fararen ɗigo, kowanne yana ƙiftawa.

"Ilu, waɗannan fa?"

"Su ne, Yaya. Tun shekarar farko muke samun su, ɗari-ɗari. Lamba ake ba su, ba suna ba."

"Kana sane, ka bari Inna ta rasu muna lalubar bakinta da cokali a duhu?"

Ilu ya sunkuyar da kai. "An ce in gari ya ji, za a kunna wuta."

A gindin dutsen wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta tare Tanimu.

"Ɗan nan, an samu?"